Tsuntsayen Baltimore: Abubuwan Ban Mamaki Game da Mawaƙan The Orioles

A ƙarshen shekarun 1940, a unguwannin baƙar fata na manyan biranen Amurka, in dare ya yi samari kan taru a bakin titi, su huɗu ko biyar, su haɗa murya. Ba su da kuɗin kayan kiɗa, saboda haka maƙogwaro ne gangarsu, shi ne kuma sarewarsu. Ɗaya ya ja baiti, sauran su tallafe shi da gunji da sautuka marasa kalma, wani a sama, wani a ƙasa. Duk wanda ya taɓa zama gaban makaɗin fada, ya ga yadda 'yan amshi ke ɗauke wa ubangidansu nauyi, ba zai ga baƙon abu a nan ba. Daga baya ne aka raɗa wa salon suna doo-wop. In ka tambayi masana tarihin kiɗan Amurka su wa suka fara ɗauko shi daga bakin titi suka kai shi kasuwa, sunan da za ka fi ji shi ne The Orioles, samari biyar 'yan birnin Baltimore na jihar Maryland. Ga kaɗan daga abin da labarinsu ya ƙunsa.

Ta wayar tarho aka fara sauraron su

Deborah Chessler matashiya ce Bayahudiya, farar fata, tana aikin sayar da tufafi a wani kanti a Baltimore, tana kuma rubuta waƙoƙi a gefe. Wata rana wani saninta ya buga mata waya ya ce akwai wasu samari tare da shi, lallai ta ji muryarsu. Aka miƙa musu kan tarho suka rera mata. Abin da ta ji ta cikin wannan siririyar waya ya ishe ta, ta yarda ta zama manajarsu. A lokacin Vibra-Naires ake ce musu.

Sai mutum ya san Baltimore ta wancan zamani zai gane girman wannan amincewa. Ita ce birni na farko a Amurka da ya kafa doka, a 1910, mai raba wa farare da baƙaƙe layukan da za su zauna. Dokar jihar Maryland da ta haramta aure tsakanin fari da baƙi kuwa sai a 1967 aka soke ta. A irin wannan gari ne mace farar fata ta ɗauki jakarta ta shiga gaban samari baƙaƙe biyar tana nema musu aiki, tana ciniki da masu gidajen rawa a madadinsu, tana karɓo musu haƙƙinsu. A ganina rabin labarin The Orioles nata ne, kuma an daɗe ba a ba ta wannan rabin ba.

Su biyar ɗin

Jagoran waƙa shi ne Sonny Til, wanda sunansa na yanka Earlington Carl Tilghman, tsohon soja da ya dawo gida bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Alexander Sharp ke riƙe da siririyar muryar sama. George Nelson mai murya ce mai kauri da ɗan kaushi. Johnny Reed ke ƙasa, yana kuma kaɗa ƙaton gogen nan na tsaye da ake tsinkar tsirkiyarsa da yatsa. Tommy Gaither ke riƙe da jita.

Sun faɗi gasa, faɗuwar ta zame musu alheri

A 1948 Chessler ta samo musu shiga shirin gasar rediyo na Arthur Godfrey a New York, shirin da Amurka kaf ke kasa kunne gare shi. Babu alƙalai a wannan gasa. Wata na'ura ce mai allura ke auna ƙarar tafin 'yan kallo, wanda allurar ta fi karkata gare shi shi ne zakara. A daren, allurar ta karkata ga wani makaho ɗan Landan mai kaɗa fiyano, George Shearing, wanda daga baya ya zama gagarabadau a kiɗan jazz har Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sir a 2007. Samarin Baltimore suka tashi ba komai. To amma masu sauraro a gida ba su yarda da allurar ba, suka yi ta aiko da saƙo, har Godfrey ya kira samarin su zo su yi waƙa a shirinsa na safe. Daga nan ƙofa ta buɗe.

An ɗauki faifansu na farko ana tsakiyar yajin aiki

Daga 1 ga Janairun 1948 har zuwa Disambar shekarar, ƙungiyar makaɗan Amurka, ƙarƙashin shugabanta James Petrillo, ta hana mambobinta shiga ɗakin ɗaukar faifai, saboda rigimar kuɗin da ya kamata kamfanoni su riƙa biyan makaɗa. Masu busa da masu kiɗa ne 'yan wannan ƙungiya, mawaƙan baka ba sa ciki. Manyan tawagogin kiɗa masu mutum goma sha suka zauna a gida, kasuwa ta koma hannun waɗanda muryarsu kaɗai ta wadatar. A tsakiyar wannan shekara aka ɗauki "It's Too Soon to Know", waƙar da Chessler ta rubuta da hannunta.

Ya kamata a tsaya a kan faifan nan, domin shi ne tushen komai. Faifan garmaho ne irin na dā, mai juyi 78 a minti ɗaya, baƙi, mai nauyi, in ya faɗi ƙasa ya tarwatse, kuma kowane gefe ba ya ɗaukar abin da ya wuce kamar minti uku. In allura ta sauka, abin da zai fara ba ka mamaki shi ne rashin gaggawa. Kayan kiɗan can baya suke, da kyar ake jin su. Sonny Til na jan kowace kalma a hankali, yana tambayar kansa ko son da ake yi masa na gaskiya ne, murya na rawa kaɗan kamar mai tsoron amsar. A samansa muryar Sharp na shawagi ba tare da furta kalma ba. Da an kai tsakiya sai Til ya ja baya, Nelson ya karɓa da muryarsa mai kaushi na ɗan lokaci, sannan ya mayar masa. Wannan musaya ta zama tambarinsu a waƙoƙi da dama.

Kafin su, akwai The Ink Spots da The Mills Brothers, ƙwararrun mawaƙa baƙar fata waɗanda suka goge salonsu tas domin ya shiga kowane falo, har na Turawa. The Orioles sun zo da wani abu dabam: murya ta saurayin unguwa wanda zuciyarsa ke ciwo, bai kuma ɓoye ba. Yaran unguwa suka ji kansu a ciki.

Faifan ya hau matsayi na 1 a jerin faifan baƙar fata na mujallar Billboard, ya kuma kai na 13 a babban jerin ƙasa baki ɗaya, abin da ba a saba gani ba ga waƙa irin wannan daga ƙaramin kamfani. Kafin shekara ta ƙare, Ella Fitzgerald da Dinah Washington da The Ravens duk sun fitar da tasu. Bayan shekara goma, a 1958, Pat Boone, Baturen da ya yi suna wajen sake rera waƙoƙin baƙar fata ga masu sauraro farare, shi ma ya ɗauke ta ya ci kasuwa.

Jerin da suka hau ma sunansa abin dubawa ne

A 1948 Billboard na kiran wannan jeri "race records", wato faifan jinsi, ana nufin na baƙaƙe. Sai a watan Yunin 1949 aka sauya shi zuwa "rhythm and blues", wato R&B a taƙaice, bisa shawarar wani ma'aikacin mujallar, Jerry Wexler, wanda daga baya ya koma kamfanin Atlantic ya yi aiki da Ray Charles da Aretha Franklin. Kenan mawaƙan da ake yawan kira ƙungiyar R&B ta farko sun hau kan jerin tun kafin a ba shi wannan suna. A watan Yulin 1948 kuma Shugaba Harry Truman ya sa hannu a umarnin kawo ƙarshen wariyar launin fata a rundunar sojan Amurka, rundunar da Til ya yi wa aiki tana rabe gida biyu.

Kamfanin da ya sauya suna saboda su

Jerry Blaine, wanda ya ɗauke su, ya fara fitar da faifan da tambarin wani sabon kamfaninsa mai suna It's a Natural. Kamfanin National, inda The Ravens suke, ya yi ƙorafin cewa sunayen sun yi kama. Blaine ya kwashe faifan ya mayar ƙarƙashin ɗaya kamfaninsa, Jubilee, wanda ya saya daga hannun Herb Abramson lokacin da shi Abramson ya tafi kafa Atlantic tare da Ahmet Ertegun, ɗan jakadan Turkiyya a Amurka.

Sunan tsuntsu

Oriole tsuntsu ne mai baƙin kai da ƙirji ruwan lemo. Launukansa sun yi daidai da na tambarin gidan Lord Baltimore, Turawan Ingila da suka kafa Maryland, shi ya sa ake danganta shi da su, kuma a 1947 jihar ta ɗauke shi tsuntsunta a hukumance. Shekara guda bayan haka samarin suka ajiye Vibra-Naires suka ɗauki sunansa.

The Ravens na Harlem, wato hankaki, sun riga su ɗaukar sunan tsuntsu. Amma bayan nasarar The Orioles ne abin ya zama yayi, sai ka ce an buɗe keji. A Baltimore kaɗai aka sami The Cardinals da The Swallows, wato tsattsewa. New York ta fitar da The Crows masu waƙar "Gee", da The Wrens. Chicago ta fitar da The Flamingos. A Los Angeles aka sami The Robins, da kuma The Penguins masu "Earth Angel" ta 1954, waɗanda suka ɗauko sunansu daga hoton tsuntsun ƙanƙarar da ke tallar sigarin Kool. Da tsuntsaye suka ƙare sai aka koma motoci: The Cadillacs, The El Dorados, The Impalas, The Edsels. The Cadillacs ma a kamfanin Josie suke, ƙanen kamfanin Jubilee.

Ƙungiyar ƙwallon baseball ta Baltimore Orioles da ke babban rukunin Amurka a yau sai a 1954 ta iso garin daga St. Louis, shekara shida bayan faifan mawaƙan na farko, ko da yake tsofaffin ƙungiyoyin ƙwallon garin sun daɗe da amfani da sunan.

Ihun 'yan mata ya riga Elvis

Mutane da yawa na zaton da Elvis Presley ko The Beatles aka fara ganin 'yan mata na kururuwa suna rububin mawaƙi a dandali. Tun 1949 ana yi wa Sonny Til haka a gidajen wasan baƙar fata, irin su Apollo na Harlem, da Howard na Washington, da Royal da ke titin Pennsylvania a garinsu. Abin lura shi ne ba da tsalle ko hayaniya yake tayar da su ba. Waƙoƙin sanyi yake yi, yana ɗan karkata jiki ga makirfo, sai zauren ya ruɗe. Jaridun farare ba sa leƙa waɗannan zauruka, shi ya sa abin bai shiga tarihin da aka fi karantawa ba.

Titin Pennsylvania ɗin nan kansa ba ƙaramin wuri ba ne. A kewayensa Thurgood Marshall ya tashi, lauyan da ya ci shari'ar soke wariya a makarantu a 1954, ya kuma zama baƙar fata na farko a Kotun Ƙolin Amurka. Cab Calloway ma a nan ya girma. Mutum-mutumin Billie Holiday na tsaye a titin. Gidan wasan Royal kuwa an rushe shi a 1971.

Hanya

A 1949 suka sake hawa na 1 da "Tell Me So", ita ma rubutun Chessler. Waƙoƙinsu biyu na ƙarshen shekara, ta Kirsimeti da "What Are You Doing New Year's Eve", har yau gidajen rediyon Amurka kan sa su in Disamba ta kama. Suna ya jawo yawo, yau nan gobe can, a mota, cikin jihohin kudu inda otal da gidan abinci da ma bayan gida na gidan mai duk a rabe suke. Matafiya baƙaƙe na wancan lokaci har littafi gare su, Green Book, wanda wani ma'aikacin gidan waya, Victor Green, ya fara bugawa a 1936, mai nuna musu inda za su kwana ko su ci abinci ba a wulaƙanta su ba.

A watan Nuwamban 1950, suna dawowa gida cikin motoci biyu, motar da Tommy Gaither ke tuƙawa ta ƙwace masa dab da Baltimore. Gaither ya rasu, Nelson da Reed suka ji munanan raunuka. Til da Sharp na ɗaya motar, ba su san abin da ya faru ba sai da suka isa gida. Shekara biyu kacal da fitowarsu ke nan. Su biyun suka riƙe sunan ƙungiyar har majinyatan suka warke, Ralph Williams ya karɓi jita.

Waƙar coci da ta zagaya duniya

Babbar waƙarsu, "Crying in the Chapel" ta 1953, asalinta ba tasu ba ce, ba ma daga unguwar baƙaƙe ta fito ba. Wani Bature ɗan Texas, Artie Glenn, ya rubuta ta, ɗansa matashi Darrell Glenn ya fara rera ta a salon country, irin salon su Don Williams da masu sauraron rediyo a ƙasar Hausa suka sani sarai. A shekarar mawaƙa da dama sun yi rububinta, har da Rex Allen da June Valli. The Orioles suka ɗauke ta suka sanyaya, suka sa mata amshinsu. Tasu ta yi mako biyar a matsayi na 1 a jerin R&B, ta kai na 11 a jerin ƙasa. Yawanci a wancan zamani waƙar baƙar fata ce ke fita, Bature ya sake ta ya kwashi riba. A nan ruwa ya gudu ta ɗaya ɓangaren.

Elvis ya ɗauki tasa a 1960, aka ajiye ta a ma'ajiya shekara kusan biyar, sai a 1965 aka fitar. Ta kai na 3 a Amurka, ta hau na 1 a Birtaniya, a daidai lokacin da The Beatles ke tashe.

Tafiyar ba ta tsaya nan ba. A Jamaika, a 1968, Bob Marley ya ɗauki karin waƙar ya ɗora masa sababbin baitoci na yabon Sarki Haile Selassie na Habasha, da taimakon dattijon 'yan Rasta Mortimo Planno, aka kira ta "Selassie Is the Chapel". Kari ɗaya ya taso daga Texas, ya bi ta Baltimore, ya sauka Kingston yana yabon wani sarki a Afirka. A 1973 kuma aka sa ta The Orioles a fim ɗin American Graffiti na George Lucas, wanda ya yi Star Wars daga baya, sabon zamani ya ji ta.

A gurguje

George Nelson bai rera babbar waƙar tasu ba, ya bar ƙungiyar a farkon 1953. Wanda ya maye gurbinsa, Gregory Carroll, shi ne daga baya ya haɗu da Doris Troy suka rubuta "Just One Look" ta 1963.

Sun taɓa waƙar blues ma: a 1952 sun ci kasuwa da "Baby Please Don't Go", wadda Big Joe Williams ya fara ɗauka tun 1935.

James Brown da abokansa, lokacin suna samari a jihar Georgia suna neman salon kansu, The Orioles na cikin waɗanda suka kwaikwaya.

Paul Simon ya ambaci sunansu, tare da The Penguins da The Moonglows da The Five Satins, a wata waƙa ta 1983 da ya yi a kan mai zanen nan ɗan Beljiyam, René Magritte, da matarsa.

Yadda aka watse

Abin da ya fi taɓa ni a labarin nan shi ne lokacin da suka watse. Wajen 1954 zuwa 1955, daidai sa'adda rock and roll ya fashe, kuɗi suka fara shigowa salon da suka share wa hanya, a lokacin ne Chessler ta ajiye aiki don gajiyar yawo, tsofaffin mambobin kuma kowa ya kama gabansa. Yaran da suka koyi waƙa da faifansu suka shige gabansu. Til bai haƙura ba. Ya ɗauko wata ƙungiya mai suna The Regals ya mayar da su sababbin Orioles, suka koma kamfanin Vee-Jay na Chicago a 1956, amma kasuwa ta riga ta juya ga waƙoƙi masu zafi da mawaƙa 'yan shekara goma sha. Ya ci gaba da yawo da sunan, da mutane daban-daban, har ya rasu a watan Disamban 1981 bayan fama da ciwon suga. Nelson ya riga shi tun 1959, Sharp a 1970.

A 1995 aka shigar da The Orioles zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame, a rukunin magabatan da suka kafa tushe, shekara ɗaya da Led Zeppelin da Al Green da Neil Young. Shekara 47 ke nan bayan faifan farko. Cikin samarin biyar, Johnny Reed kaɗai ke raye ya gani, shi ma ya rasu a 2005. Chessler na cikin waɗanda suka gabatar da su a wajen bikin, kuma marubuci Greil Marcus ya ware mata babi guda a littafinsa The Dustbin of History, wanda ya taimaka aka sake tuna ta. Ta rasu a 2012 tana da shekara 89.

Diz Russell, ɗaya daga cikin 'yan Regals ɗin da Til ya ɗauko, shi ya ci gaba da jan ƙungiyar bayan rasuwar Til, har tasa rasuwar a 2016. A 2015 kuma aka fara nuna wani wasan kwaikwayo na waƙe mai suna Soul Harmony a birnin Portland na jihar Oregon, a kan Chessler da samarinta. Wanda ya fito a matsayin Sonny Til jikan Til ɗin ne.